Danƙon da ke riƙe jiki: jawabin mata 'yan kasuwa kan ciwon dajin mama a taron cikar shekarar ƙungiya

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zauna da mu yau, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso tun daga Sara da Basirka da Fagam, da na Babaldu da Sundimina, Allah ya huci gajiya.

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba dama mu yi magana. An ji lissafin kuɗi daga bakin ma'aji, mu kuma batun lafiya muka zo da shi, wato ciwon dajin mama, wanda likitoci ke kira sankara ko kansa. Abin da za mu faɗa a aji muka koyo shi, wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta riƙa zuwa tana yi mana bayani, mu kuma muka rubuta da hannunmu.

Akwai maganar da kowa a nan ya taɓa ji: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Saboda wannan magana mata da yawa sun ɓoye ƙullutu a ƙirji wata da watanni, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. To, bari mu faɗi yadda yake bazuwa, sai kowa ya auna da kansa.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin mama, su ne suka jeru suka yi hanyoyin da ruwan nono ke bi. Abin da ya hana su watsewa wani irin danƙo ne da ke jikin kowace ƙwaya, yana kama na maƙwabciyarta, kamar yadda laka ke riƙe tubali da tubali. Masana suna kiransa kadherin. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Masatoshi Takeichi, shi ya gano shi a binciken da ya fara a shekarun 1970, ya kuma nuna cewa ba ya kamawa sai da sinadarin kalsiyam. Muddin danƙon nan yana nan, kowace ƙwaya tana zaune a gurbinta.

Idan ƙwaya ta lalace ta zama ta daji, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Da farko duk suna cure wuri guda, shi ne ƙullutun da hannu ke ji. A wannan lokacin likita zai iya cire shi, a bi da magani, mace ta koma harkokinta. Amma in aka bar shi, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan rasa danƙonsu, su saki 'yan'uwansu, su kutsa cikin hanyoyin ruwan jiki da na jini. Zangonsu na farko yawanci hammata ne, shi ya sa ake jin kaluluwa a can. Daga nan sai ƙashi, sai huhu, sai hanta. Duk mai sayar da hatsi ta san wannan: buhun gero in ɗinkinsa na nan, ɗauka ɗaya za a yi masa. In ya ɓarke a kan hanya tun daga Gwaram har Birnin Kudu, wa zai tsince shi?

Kun ga ke nan inda maganar allura ta samo asali. Mace ta yi shekara tana ɓoyewa, ƙwayoyin sun riga sun yi tafiyarsu, sannan a kai ta asibiti a yi aiki. Bayan 'yan watanni ciwo ya bayyana a ƙashin baya, sai a ce ai wuƙar likita ce ta watsa shi. Alhali geron ya zube tun kafin a isa kasuwa. Ɗan naman da ake ɗiba da allura a kai ɗakin gwaji, shi ne yake nuna ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma ƙullutu da yawa in an gwada sai a tarar ba daji ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya ba mu tsoro da muka ji shi. Kusan ɗaya cikin goma na dajin mama wani iri ne da tun farko ba shi da wannan danƙo. Ƙwayoyinsa ba sa curewa, jeruwa suke yi ɗaya bayan ɗaya kamar layin tururuwa. Irin wannan sau da yawa ba ya yin ƙullutu, sai dai mace ta ji wani sashe ya yi kauri ko tauri. Don haka kada mu tsaya neman ƙullutu kawai. Mu duba ko fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko ruwa alhali ba shayarwa ake ba, ko ɗaya ya sauya girma, ko hammata ta yi kaluluwa. Kuma a farko yawanci ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya shi ne dajin da ya fi kama mata, kuma mafi yawa sai ya yi nisa suke isa asibiti. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano shi da wuri, fiye da tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara biyar. Hukumar ta sa ma'auni tun 2021, cewa daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti, kada a wuce kwana 60 ba a tabbatar da abin da ke damunta ba.

Mu nan ba mu da uzurin nisa wajen dubawar farko. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu, ga asibitin Gwaram. In abin ya fi ƙarfin nan, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya inda ake gashi da na'ura. Abin da ke tsayar da mu kunya ce, da kuɗin mota, da jiran izini.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowace mace ta riƙa duba kanta sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan tsarki da 'yan kwanaki. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda a wata. Mai shayarwa ma, in ƙullutu ya ƙi bajewa, ta je a duba. Na biyu, muna roƙon shugabanni a ware wani kaso daga ribar bana ya zama asusun kuɗin mota da na gwaji, a danƙa shi hannun mata biyu masu riƙe sirri, yadda mace za ta karɓa ba tare da duk kasuwa ta ji ba. Na uku naku ne, iyayen gida. Ranar da matarka ko 'yarka ko mahaifiyarka ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta, don Allah kada ka ce a bari sai bayan kaka. Ka kai ta cikin makon, ko ka ba ta izini wata daga cikinmu ta raka ta.

Mun saba ba a barin bashi ya kwana biyu ba a bibiya ba, don mun san yadda jari ke narkewa. Wannan ma haka za mu bi shi. Muna fatan kafin a tashi taron nan za a sa batun asusun a ƙuri'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya.