Kishin Ƙasa a Bakin Mawaƙa



Sharhinmu na yau a kan kishin ƙasa ne, a rubutattun waƙoƙin Ingila da Jamaika.

Mu fara da Ingila. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Rupert Brooke ya yabi mutuwa don ƙasa. Wilfred Owen kuwa ya kwana a ramukan yaƙi, ya ga iskar guba tana shaƙe samari. Shi ya ƙaryata wannan yabo.

To, Jamaika fa? Louise Bennett ta yi waƙa da harshen talakawa, harshen da makarantun mulkin mallaka suka raina. Ta hau dandamali da shi, jama'a suka ji muryar iyayensu. Ni dai kishinta ya fi ratsa ni, domin ta mayar wa talaka mutuncin harshensa.