Delfin, Jirgin da Ya Yaye Matuƙa

Hirarmu ta yau a kan wani tsohon jirgin saman soja ce wanda na daɗe ina sha'awarsa, watau L-29, mai laƙabin Delfin, sunan wata dabbar teku mai kama da kifi.

Kamfanin Aero na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya shi ya ƙera wannan jirgi mai injin jet, ya kuwa fara tashi a shekarar 1959. A 1961 aka gwada shi da wani jirgin Tarayyar Sobiyet da wani na Poland, ya yi nasara, ya zama jirgin koyar da mayaƙan sama na ƙasashen Ƙawancen Warsaw, in ban da Poland wadda ta riƙe nata. Kafin a daina ƙera shi a 1974 an yi fiye da 3,000.

To, me ya jawo masa wannan farin jini? Gudunsa dai bai taka kara ya karya ba, gama da ƙyar yake wuce kilomita 650 cikin sa'a. Abin da ya fifita shi haƙuri ne da ɗan koyo. Fikafikansa miƙaƙƙu ne, saboda haka yakan yi tafiya a hankali ba tare da ya rikito ba. Ƙafafunsa suna da ƙwari, suna jure mugunyar saukar sabon hannu, ko da a filin ciyawa ne. Ɗalibi yana gaba, malami yana baya a kujerar da aka ɗan ɗaga masa domin ya hangi hanya. Na taɓa ganin guda ya tashi a wani fili a nan Ingila. Ƙararsa ta fi saurinsa, amma da ya zo sauka, sai ka ce an ajiye ƙwai a faifai.

Sai dai akwai abin baƙin ciki a tarihinsa. Nijeriya ta sami waɗannan jirage a 1967, farkon yaƙin basasa, aka ɗaura musu makamai aka riƙa kai hari da su. Jirgin da aka ƙera domin kada saurayi ya hallaka wajen koyo, shi aka aika ya hallaka waɗansu.

A yau da dama daga cikin waɗanda suka rage suna hannun masu sha'awar jirage a Amurka da Turai, suna ta lallaɓa su. In kun yi katarin ganin ɗaya, ku dube shi da idon da ake duban tsohon malami. Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.