Waterloo: Yadda Shan Kaye a Gida Ya Haifi Kundi Na Biyu Na ABBA

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau nesa za mu tafi, ƙasar Suwidin, shekarar 1973 zuwa 1974. Za mu yi magana a kan ƙungiyar mawaƙan nan ABBA da kundinsu na biyu mai suna Waterloo. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da waƙar Turawan da suka yi tashe tun iyayenmu na yara? Ka yi haƙuri ka ji. Labari ne na matasa huɗu daga ƙasa mai mutum kusan miliyan 8, masu harshen da ba a ji a wajen yankinsu, waɗanda aka kayar a gida, suka koma suka sake shiri, kuma suka riƙe aikinsu a hannunsu.

Su huɗu ne: Agnetha Fältskog, Björn Ulvaeus, Benny Andersson da Anni-Frid Lyngstad, wadda ake kira Frida. Kada ku ɗauka sababbin shiga ne. Benny ya yi suna a ƙungiyar Hep Stars, Björn a Hootenanny Singers, matan biyu kuma kowacce tana da faya-fayanta tun kafin haɗuwar. Agnetha da Björn sun yi aure a 1971, Benny da Frida kuma suna tare. Akwai mutum na biyar da ba ya hawa dandamali: Stig Anderson, manajansu, tsohon malamin makaranta, mai kamfanin Polar Music. Shekara da shekaru sana'arsa ita ce ya sayo haƙƙin waƙoƙin waje ya sa musu baitoci da harshen Suwidin. Wato ya daɗe yana kallon kuɗi na fita daga ƙasarsa zuwa Ingila da Amurka, yana son ya juya akalar.

To ta ina? A lokacin kamfanonin Landan da Amurka ba kasafai suke sauraron faifan da ya fito daga Suwidin ba. Ƙofa ɗaya Stig ya hango, gasar Eurovision, wadda ake nunawa kai tsaye a talabijin a ƙasashen Turai a dare guda. Amma kafin ka je can sai ka ci gasar gida, Melodifestivalen. A Fabrairun 1973 suka shiga da waƙar Ring Ring, Agnetha na da tsohon ciki. Alƙalai suka ba su na uku. Jama'a kuwa suka yi nasu hukuncin a kasuwa: waƙar ta hau saman jerin faya-fayan da aka fi saya a Suwidin, kundin farko mai wannan suna shi ma ya yi kasuwa. Kun ga darasin farko da suka ɗauka ke nan, cewa alƙali daban, mai saye daban.

A watan Satumban 1973 suka shiga situdiyon Metronome da ke Stockholm suka fara aikin kundi na biyu. Bari in tsaya a nan kaɗan, don yadda suke aiki shi ne zuciyar labarin.

Björn da Benny sukan keɓe a wani ɗan ɗaki a tsibirin Viggsö, ɗaya da jita ɗaya da fiyano, su yi ta bugawa har karin waƙa ya fito. Ba su fara da baiti ba, da kiɗa suke farawa, su sa wasu kalmomi na wucin gadi. Sai an ɗauki kiɗan a situdiyo, sannan a zauna a rubuta baitocin gaskiya, sau da yawa Stig ne ke nemo sunan waƙa. Makaɗan da suka yi aiki da su ƙwararru ne na haya, irin su Janne Schaffer a jita, Rutger Gunnarsson a jitar bas, Ola Brunkert a ganguna.

Sai injiniyan sauti, Michael Tretow. Wannan bawan Allah ya karanta yadda Ba'amurken nan Phil Spector ke tara makaɗa da yawa su buga abu ɗaya don sauti ya yi kauri. Su ba su da kuɗin tara wannan taron. Sai ya yi dabara: makaɗan su buga sau ɗaya, su sake bugawa a kai, amma a karo na biyu ya ɗan sauya saurin tef ɗin kaɗan. Idan aka haɗa biyun, sai kunne ya ji kamar mutum goma ne. Haka ya riƙa yi wa muryoyin Agnetha da Frida, ɗaya siririya a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa. Wannan sautin da duniya ta sani da sautin ABBA, rashin kuɗi ne ya haife shi tare da ƙwaƙwalwa.

A Disamban 1973 aka ɗauki waƙar da za ta zama Waterloo. Da farko sunan wucin gadi gare ta, Honey Pie. Stig yana neman kalmar da Bafaranshe da Bajamushe da Baturen Ingila duk za su gane ba tare da fassara ba. Sai ya faɗa kan Waterloo, filin dagar da ke Beljiyam ta yau inda aka murƙushe Napoleon a ranar 18 ga Yunin 1815. Kowane ɗan makaranta a Turai ya san wurin. Waƙar kuma ta mace ce da ke kwatanta yadda so ya ci ta da yaƙi da yadda aka ci Napoleon.

Sai dai fa akwai wata waƙar a hannu, Hasta Mañana, mai sanyi, wadda Stig ya rubuta baitocinta yana hutu a tsibiran Kanari. Kuma a shekarun nan irin waɗannan waƙoƙi masu taushi, na mace ɗaya a gaba, su ke cin Eurovision. A lissafi, Hasta Mañana ce ta fi kama da abin da alƙalai suka saba ba maki. Amma a cikinta Agnetha ce ke jan waƙar, alhali a Waterloo matan biyu ke rerawa tare, da kiɗa mai zafi. Suka zaɓi Waterloo, saboda ita ce ke nuna ƙungiyar yadda suke so a san ta. Ku lura da wannan: da sun ci da Hasta Mañana, da wataƙila duniya ta san mawaƙiya ɗaya da 'yan amshinta.

Suna ma sai da aka gyara. Kundin farko da sunayensu huɗu a jere ya fita, abin da ba mai gabatar da shiri a rediyon waje da zai iya furtawa. Stig ya haɗa haruffan farko na sunayen ya zama ABBA. Matsalar ita ce a Suwidin akwai kamfanin kifin gwangwani mai suna Abba, sai da aka nemi izininsu. Kundin Waterloo shi ne na farko da ya fita da wannan suna.

A ranar 9 ga Fabrairun 1974 suka ci gasar gida da rata mai yawa, suna rerawa da harshen Suwidin. A ranar 4 ga Maris kundin ya fito. Hoton bangon a fadar Gripsholm aka ɗauka, da wani mutum sanye da kayan Napoleon tsaye a bayansu.

Idan ka saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe, za ka ji mutanen da ba su gama sanin inda suka dosa ba. Akwai Sitting in the Palmtree mai ɗanɗanon rege, akwai King Kong Song da Watch Out masu hayaniyar rok, akwai Honey, Honey mai zaƙi, akwai Suzy-Hang-Around inda Benny da kansa ya ja waƙa, abin da bai saba yi ba. Maza na jan waƙoƙi da dama a ciki. A ganina, kundin nan ne ya nuna musu cewa ƙarfinsu yana muryar matan, domin daga baya mazan sun ja baya sun bar musu gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Stig ya yi kafin gasar. Bai zauna jiran sakamako ba. Ya bi kamfanonin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ya ƙulla yarjejeniya: Epic a Birtaniya, Polydor a Jamus ta Yamma, da Vogue a Faransa. Kuma ba sayar musu da waƙoƙin ya yi ba, izinin bugawa da rarrabawa ya ba su, asalin aikin yana hannun Polar a Stockholm. An ɗauki waƙar da Ingilishi, an kuma yi ta da Jamusanci, daga baya kuma da Faransanci. Manufar ita ce duk wanda ya gani a talabijin daren Asabar, ya tarar da faifan a kanti.

Ranar 6 ga Afrilun 1974, a garin Brighton na Ingila, ƙasashe 17 suka fafata. Faransa ta janye saboda rasuwar shugabanta Georges Pompidou. Wani abu ya taimaki ABBA: daga 1973 an sassauta dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa rera waƙa da harshenta, don haka suka yi da Ingilishi. A 1977 aka dawo da dokar. Ƙofa ce ta shekara huɗu, suka shige ta cikinta. Mai jagorantar makaɗa, Sven-Olof Walldoff, ya fito da shigar Napoleon, su kuma da kaya masu walƙiya da takalma masu tudu, Björn da jita mai siffar tauraro. Suka ci da maki 24, Italiya ta zo ta biyu da 18. Alƙalan Birtaniya, masu masaukin baƙi, ko maki ɗaya ba su ba su ba. Ba a yi wata guda ba waƙar ta zama ta ɗaya a Birtaniyar. Ta yi ta ɗaya a Jamus ta Yamma, ta kai ta 6 a Amurka, inda ba a damu da Eurovision ba sam. Wannan ne karon farko da Suwidin ta ci gasar.

Ga wani abu a gefe da ya kamata duk ɗan gwagwarmaya ya sani. Waƙar Fotugal a daren nan tana cikin na ƙarshe a maki. Bayan kwana 18, ita ce sojoji suka sa aka saka a rediyo a matsayin alamar farko ta fara juyin da ya kifar da mulkin kama-karya a ƙasar a ranar 25 ga Afrilu.

Yanzu kar ku ce shi ke nan, an huta. Ina! A Birtaniya an ɗauke su 'yan gasa masu waƙa ɗaya. Kundin kansa a na 28 ya tsaya a can, duk da ya yi na ɗaya a Suwidin. Waƙoƙin da suka biyo baya ba su yi wani tasiri ba, rangadinsu na farko a Turai a Nuwamban 1974 bai cika ɗakuna ba. Sai da aka yi kusan shekara ɗaya da rabi, da fitowar SOS a 1975, sannan Ingila ta sake waiwayarsu.

A gida kuma wata wutar ce. Akwai ƙungiyar matasa masu ra'ayin gurguzu da ake kira progg, waɗanda suka ɗauki kiɗa a matsayin makamin gwagwarmaya, suke ganin ABBA haja ce kawai, Stig kuma ɗan jari-hujja. Da Suwidin ta karɓi baƙuncin gasar a 1975, suka shirya nasu bikin na adawa a Stockholm. A 1976 ƙasar ba ta ma shiga gasar ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, kuma na san wasu abokan gwagwarmaya ba za su ji daɗi ba. 'Yan progg suna da gaskiya a abu ɗaya: idan kasuwa kaɗai ke yanke abin da za a saka a rediyo, muryar talaka da ƙananan mawaƙa za ta ɓace. Amma sun yi kuskuren abokin gaba. Mutanen da suka tsana su ne suka rubuta waƙarsu da kansu, suka ɗauke ta a garinsu da makaɗan garinsu, a kamfanin garinsu, suka sa kuɗin Landan ya riƙa shigowa Stockholm. Ga ƙaramar ƙasa, wannan ma 'yanci ne. Yau Suwidin tana cikin manyan masu fitar da kiɗa a duniya, kuma hanyar daga nan aka fara share ta.

Sai dai ku riƙe wannan ma. Ko da kamfanin na gida ne, takarda takarda ce. Bayan Stig ya sayar da Polar ga PolyGram a ƙarshen shekarun 1980, an samu saɓani tsakaninsa da wasu daga cikin mawaƙan kan kason kuɗinsu, har sai da lauyoyi suka shiga, aka sasanta a wajen kotu. Mutumin da ya kai su Brighton ke nan fa. Don haka duk mai waƙa, mai rubutu ko mai haɗa bidiyo da ke jina: kafin ka sa hannu, ka san wa ke da asalin aikin, na shekara nawa, kuma nawa ne naka. Amana ba ta hana rubutu.

Tambayar da zan bar muku ita ce ta harshe. ABBA sun ci gida da harshensu, suka ci waje da Ingilishi, daga nan kuma Ingilishin ya zama harshen waƙarsu. Riba ce ko asara? Ku rubuta mana a ƙasa, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Ku tura wa abokin da ke harkar waƙa.