Kafin ka tallata hajarka a intanet



Matasa da dama a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun buɗe shafukan sayar da wake, gero da shanu a intanet, amma shiru, babu mai leƙowa. Sau da yawa dalilin shi ne ba su rubuta kalmomin da mai saye ke bugawa idan yana nema ba.

Gano waɗannan kalmomi ba ya cin ko kwabo. Buɗe Google a wayarka, ka rubuta "farashin wake", ka dakata. Jerin da zai sauko ƙasa ya samo asali ne daga abin da jama'a ke nema. Akwai Google Trends, wanda aka fara a 2006: ka zaɓi Najeriya, ka gwada kalmomi biyu, ya nuna maka wadda aka fi nema da watan da nemanta ke tashi. Keyword Planner, wani ma'aunin kalmomin nema, shi ma kyauta ne, sai dai yana buƙatar asusun talla na Google.

To, amma fa kalmomin Hausa ba su cika bayyana a waɗannan ma'aunai ba, saboda masu bincike da Hausa ba su kai yawan masu Turanci ba. A ganina, dillalin kasuwar Shinkafi da ke jin tambayoyin fatake ranar Alhamis ya fi su sanin bakin mai saye. Ɗan kasuwar Legas kuwa da Turanci zai nema, don haka ka rubuta tallarka da harsunan biyu, ka sa sunan garinku.

Ɗalibai masu karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ku taimaka wa iyayenmu 'yan kasuwa da wannan.