Agar-Agar: Ciyawar Teku a Madafin Uwargida

Yau zancenmu a kan wani farin gari ne mai suna agar-agar, wanda ke daskarar da madara ko zobo har a yanka da wuƙa kamar agidi. Ki gyara zama, domin maganar ta shafi tukunyarki, ta shafi cikin iyalinki, ta kuma taɓo halal da haram.

Kin san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya kwana lokacin sanyi? Abin da ke sa shi kamawa shi ne jelatin, kuma da shi ake yin yawancin alawoyin nan masu danƙo da yara ke so. Masana'antu na tatso shi daga fata da ƙashin dabbobi, kaso mai yawa kuwa daga fatar alade. Shi kuwa agar-agar babu dabba a cikinsa ko kaɗan. Daga wata jar ciyawa ake samun sa, dangin gansakuka, mai tsirowa a cikin teku. A tafasa ta, a tace, a busar da ruwan, a niƙa. Ƙasashen Indunusiya da Sin da Chile da Sifen suna sarrafa shi, a nan Afirka kuma Maroko ta yi suna a kansa.

Japanawa ne suka fara yin sa, suna kiran sa kanten. Suna ba da labarin wani mai masaukin baƙi da ya bar ragowar dafaffiyar ciyawar a waje cikin hunturu, wajen shekarar 1658, ta yi ƙanƙara, ta narke, ta bushe ta zama fara. Sunan agar-agar kuwa daga harshen mutanen Malesiya ya fito. A can da Indiya da Pakistan ana yawan sa shi cikin kayan buɗe-baki da azumi.

Ga wani abin alfahari gare mu mata. A 1881, a Jamus, wani likita mai suna Walther Hesse yana rainon ƙwayoyin cuta a kan jelatin don bincike, amma da zafi ya taso sai abin ya narke. Matarsa Fanny ce ta ce ya gwada agar ɗin da take girki da shi. Har yau, idan aka karɓi fitsarinki a asibiti don a gano ƙwayar da ke damun ki, a kan agar ake shuka ta. Kin ji inda dabarar madafi ta kai.

Sirrinsa shi ne: ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, yana kuma kamawa da zarar ya huce zuwa tsakanin 32 da 40. Wato ba ya jiran firji, a ɗauke wuta ko a kawo duk ɗaya. In bazara ta tsananta, ki ɗora kwanon cikin ruwan randa, zai kama.

To, ga yadda za ki yi. Ƙaramin cokali ɗaya na garin yana ɗaukar kofi ɗaya na ruwa, wato kwatar lita. Ki zuba kofi 2 na ruwan sanyi a tukunya, ki sa ƙaramin cokali 2, ki motsa tun kafin ki ɗora. Idan ya tafasa ki bar shi minti 2 zuwa 3 kina juyawa. Nan ne da yawa ke kuskure: in bai tafasa ba, ba zai kama ba. Sai ki sa sukari da madarar gari da kika dama da ɗan ruwan ɗumi, ki juye a faranti mai zurfi. Cikin awa guda ya kama, ki yanka. In kina son mai laushi don tsofaffi, rage garin zuwa rabi.

Zobo da tsamiya da lemo kuwa, tsaminsu na rage masa ƙarfi. Ki fara tafasa garin da zallan ruwa, ki sauke, sannan ki zuba zobon da ɗuminsa, ki ɗan ƙara yawan garin. Kina iya jefa yankan mangwaro ko abarba a ciki. Amma ki kula, 'yar uwa: rashin narkewa ba rashin lalacewa ba ne. Mai madara, in babu sanyi, a cinye shi a ranar, musamman ke da kike yi don sayarwa daga gida.

Sai batun ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na agar faiba ne, wato irin abin nan da ke cikin ganye da dusa wanda ciki ba ya narkarwa. Yana riƙe ruwa a hanji, bayan gida ya yi laushi ya fita ba nishi. Mu da muke yawan zama wuri ɗaya, ga tuwo ga shinkafa, mun san wahalar bushewar ciki, balle mai juna biyu da mai jego. Ɗan yanka bayan abinci na iya taimakawa, amma da sharaɗi uku.

Na ɗaya, kada a haɗiyi garin a bushe. Yana kumbura, yana iya toshe maƙogwaro ko hanji. A dafa shi, a kuma sha ruwa sosai. Na biyu, mai shan maganin asibiti ta ba da tazarar awa 2, don faiba na iya rage shigar magani jiki. Mai ciki kuma ta tambayi ma'aikaciyar awo kafin ta mayar da shi na kullum. Na uku, in ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai, ko kumburi, ko jini a bayan gida, ba maganar agar ba ce, ki sanar da maigida a tafi asibiti. Kada wani ya ruɗe ki cewa yana warkar da ciwon sukari. Sukarin da kika zuba a ciki yana nan a sukarinsa. Yara ƙanana kuma a yanka musu ƙanana, a zauna da su har su cinye.

Da yake ba ke ce mai zuwa kanti ba, ki rubuta wa maigida ko ɗan aike sunan a takarda. A manyan kantuna da shagunan kayan haɗa kek ake neman sa. A duba jikin fakitin: agar-agar, ko China grass, ko lamba E406. In aka ga an rubuta gelatine ba tare da shaidar halal ba, a ajiye musu kayansu. In ba a samu ba, kada ki damu. Zogale, rama, wake, kuɓewa da miyar kuka suna yi wa ciki wannan aiki, kuma suna nan a madafinki.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, Ya sa albarka a abin da muke ciyar da iyali. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.