Batirin da ke ɗakunanmu: yadda za mu tsare rai da jari daga gobara



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, 'yan kwamiti, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.

An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan gobarar da batir ke haddasawa. Wata za ta ce, ranar biki kuma sai zancen wuta? To, kowacce ta leƙa jakarta. Akwai waya, wata har da fawa bank. Masu POS a cikinmu, da masu cajin waya, da masu firjin sola na zoɓo da ƙanƙara, duk jarinsu a kan batir yake zaune. Da yawa cikin kayan nan da kuɗin adashi ko rancen ƙungiya muka saye su. In wuta ta cinye kaya, bashi ba ya ƙonewa, yana nan yana jiran mai shi.

Batirin da nake nufi shi ne na litiyam, wanda ke cikin waya, kwamfutar tafi-da-gidanka, fawa bank, sababbin batiran sola, da babura da Keke Napep masu lantarki da aka fara gani a biranenmu. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991. An so shi ne domin ƙarami ne, ba nauyi, ga riƙe caji. Wannan riƙon cajin kuwa shi ne haɗarinsa: ƙarfi mai yawa a matse a ɗan ƙaramin wuri.

A cikinsa akwai falle biyu da aka naɗe kamar tabarma. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ce ke hana su haɗuwa, kuma duka suna jiƙe da wani ruwa mai saurin kamawa da wuta. In ledar nan ta yage, ko don faɗuwa, ko hudawa, ko zafi, ko cajin da ya wuce kima, ko kuskuren masana'anta, sai fallayen su taɓa juna, zafi ya tashi. Zafin yana haifar da ƙarin zafi, batir ya kumbura, ya yi hayaƙi, cikin daƙiƙu wuta ta tashi. Hayaƙin kansa guba ne. Kuma irin wannan wutar takan mutu ta sake tashi bayan sa'o'i.

Kada mu ɗauka abin na kayan jabu ne kaɗai. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 saboda batirinta na kamawa da wuta, daga baya ma ya daina ƙera ta. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai an yi gobara 268 ta irin wannan batir, mutum 18 suka rasu, galibi daga kekuna da babura masu lantarki da ake ajiyewa a cikin gida. A watan Janairun 2025, jirgin sama ya ƙone a filin jirgin Busan na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da mutum 176 da ransu, kuma masu bincike sun danganta wutar da fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. In haka ta faru a inda motar kashe gobara ke zuwa cikin 'yan mintuna, ina ga lungunanmu da mota ba ta iya shiga?

To, me za mu yi?

Na farko, wajen saye. Araha ba ta ado. Fawa bank ɗan mitsitsi, marar nauyi, an rubuta masa 50,000 mAh, kuɗinsa bai kai na rabin kaza ba, wannan ƙarya ce aka manna masa. Batir mai kyau yana da wata 'yar na'ura da ke yanke caji in ya cika, na banza kuwa sau da yawa ita ake fara ragewa. Mu nemi rasit da garanti. Mai sayen batirin sola ta tambayi irin da aka rubuta wa LiFePO4, domin ya fi sauran jure zafi. Kuma ƙwararre ya haɗa shi, da fis da waya mai kauri, ba yaron maƙwabta da ya iya kaɗan-kaɗan ba.

Na biyu, wajen caji. Mun san halinmu: NEPA ta kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare, a tashi a jona komai a soket ɗaya, a koma barci. Waya kuma a ƙarƙashin matashi, cikin gidan sauro, kusa da jariri. Iyaye mata, mu daina. Katifar soso da matashi suna tsare zafi, kuma su ne abincin wuta. In dole sai da dare, a ɗora a kan siminti ko tayil, nesa da labule, katifa, kalanzir da tukunyar gas. Wayar cajar da ta ɓare ko kan cajar da ke zafi har ba ya taɓuwa, a rabu da su. Babur mai lantarki ko babban batir kada a yi cajinsa a bakin ƙofa. Tagoginmu duk ƙarfe ne, in ƙofa ta kama ta ina za mu bi?

Na uku, zafi. Yawancin batiran nan an yi su ne a yi cajinsu ƙasa da digiri 45. A watannin Maris da Afrilu zafin garuruwanmu kan haura 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe ko shagon kwano. Kada a bar waya ko fawa bank a gaban gilashin mota. Batirin sola ya zauna a inuwa, inda iska ke shiga.

Na huɗu, alamu. Bayan waya ya ɗago, fawa bank ya yi ciki, yana zafi ba a taɓa shi ba, yana wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, ko yana 'yar ƙara. Duk wanda kika gani, ki cire shi daga caji, ki kai shi tsakar gida a kan yashi. Kada a danne shi, kada a huda shi wai a sace iskar. Kada kuma a jefa shi a murhu ko a bolar da yara ke cinna wa wuta. A rufe bakinsa da salatif a kai wa mai gyara.

In Allah Ya kawo tsautsayi, yara da tsofaffi su fara fita. A kashe wutar gidan daga babban makunni. Abin da ke jone da lantarki ba a zuba masa ruwa. Waya ko fawa bank da ba ya jone, ruwa mai yawa zai sanyaya shi, yashi kuma zai tare wutar, amma kada a ɗauke shi da hannu, kuma ya kwana a waje. Babban batirin sola kuwa ba na jarumta ba ne: a fita, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Kada a koma don sarƙa ko kuɗin ciniki.

Masu niyyar Hajji ko Umara, fawa bank ba ya shiga babban akwati, a jakar hannu ake riƙe shi. Mai 20,000 mAh yana cikin abin da aka yarda da shi, amma wasu kamfanonin jirage sun hana jona shi a cikin jirgi, don haka a tambaya kafin tafiya.

Hajiya Shugaba, ina da roƙo uku ga kwamiti. Mu riƙa sarin caja, fawa bank da batirin sola tare, daga dila ɗaya mai ba da garanti, yadda muke sarin shinkafa da mai. Duk wadda za ta karɓi rancen sola, a sa kuɗin ƙwararren mai haɗawa da tukunyar kashe gobara a cikin lissafi. Sannan a rubuta lambar 'yan kwana-kwana ta garinmu a bangon littafin adashin kowacce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuma, yau da muka koma gida, kafin mu kwanta, kowacce ta ɗaga matashin 'ya'yanta ta duba, ta kuma nuna musu inda mukullin ƙofa yake kwana.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya nuna mana bikin baɗi lafiya.