Wa Zai Tattara Tarihin Wudil?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya haye gadar Wudil, ya san kasuwar shanu ta ranar Juma'a, ya san jami'ar da aka kafa a 2001, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote. Amma a tambayi ɗalibin jami'ar wane ne Malam Bakatsine, jagoran Joɓawa a lokacin jihadi, ko me ya haɗa sarautar Makaman Kano da Wudil, sai ya yi shiru.

Tarihin garin yana bakin dattawa: masuntan bakin kogi, dillalan kara, da malaman zaure da ke ajiye takardun ajami cikin gafaka, gara na cin gefensu. Kullum kuwa ana kai ɗaya daga cikin dattawan makwanci.

A ganina, aikin tattara tarihin nan na 'yan sa kai ne. Malaman makaranta da suka yi ritaya da ɗalibai su kafa ƙungiya, su riƙa bin tsofaffi gida-gida suna naɗar muryoyinsu a waya, su ɗauki hoton kowace takarda, su kai kwafi Gidan Ɗan Hausa a Kano. A fara da masunta, tunda 'ya'yansu sun soma barin sana'ar.